Wace Wuta? Lissafin Kwanan Wata da Na'urorin da Muka Dogara da Su

Zuwa ga 'yan uwa na wannan zaure, na Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, da waɗanda neman abinci ko rashin kwanciyar hankali ya kai wasu garuruwa amma zuciyarsu tana gida. 

Maƙalar wannan mako a kan wani abu ne da in ka ɗauko shi a majalisa dariya za a yi maka. Ka ce wa mutumin Zurmi akwai ranar da kwamfuta za ta ruɗe da lissafin kwanan wata har wuta da ruwa su tsaya, amsar ba za ta wuce wannan ba: "Wace wuta? Wadda anka ɗauke tun bara?" Dariyar tana da hujja. Mutanen da ke kwana da kunne ɗaya a buɗe saboda ɓarayin daji, waɗanda sai sun tambayi lafiyar hanya kafin su shiga motar Gusau, ba su da sauran tsoron da za su kashe a kan agogon na'ura. Duk da haka muna roƙon a ba mu aron hankali kaɗan, domin wannan matsala ta riga ta shigo gidajen wasunmu a 2024, kuma akwai wata tafe wadda aka san ranarta da sa'arta.

Mu fara da yadda abin yake. Kwamfuta ba ta san Litinin ko Talata ba, ƙirga kawai ta iya. Ana ba ta ranar farawa, a ba ta ma'ajin da za ta riƙa zuba lissafi, kuma kowane ma'aji yana da iyaka. Kamar mai jan carbi ne: in ya kai ƙwaya ta ƙarshe, hannunsa zai dawo inda ya fara. Mutum ya san ya yi zagaye ɗaya, zai riƙe a ransa. Na'ura kuwa in ba a koya mata ba, sai ta ɗauka yanzu aka fara duniya. Masu rubuta manhajojin farko, a zamanin da wurin ajiya a kwamfuta ke da tsada ƙwarai, sun riƙa rubuta shekara da lamba biyu: 78 maimakon 1978, 99 maimakon 1999. Tambayar da ta hana duniya barci ita ce, in aka shiga 00, na'ura za ta fahimci 2000 ne ko za ta koma 1900? Wannan ita ce matsalar da aka yi wa laƙabi da Y2K.

Waɗanda suka yi wayo a lokacin za su tuna yadda muka ji labarin. A rediyo muka ji shi, sashen Hausa na BBC da Muryar Amurka da na Jamus, ana cewa jiragen sama za su iya faɗowa, bankuna su manta da kuɗin mutane, tashoshin wuta su mutu. Daren 31 ga Disamba 1999 daren Asabar ne, ana tsakiyar hunturu, kuma ya faɗo cikin goman ƙarshe na azumi. Hankalinmu yana kan tahajjud da ɗinkin sallah. Jihar Zamfara ba ta daɗe da cika shekara uku ba, kuma maganar da ta cika kowace majalisa ita ce ta Shari'a, wadda Gwamna Ahmad Sani ya ƙaddamar a Gusau cikin Oktoban shekarar. Muka yi sahur, gari ya waye, babu abin da ya sauya. Masu shayi da dare suka samu abin ba'a na mako guda.

Daga nan da yawa suka yanke hukunci cewa Turawa ne suka ƙirƙiro tsoro don su sayar da kwamfuta. Lallai an yi zuzutawa, an kuma samu waɗanda suka ci kasuwa da ita. Amma abin da ya sa ba a ga ɓarna mai yawa ba shi ne an shekara da shekaru ana gyara. Amurka kaɗai ta kashe kimanin dala biliyan 100. Inda gyaran bai kai ba kuwa an ga alama. A Japan, na'urar lura da tururin nukiliya a tashar wuta ta Shika ta daina aiki jim kaɗan bayan sha biyun dare. A Sheffield ta Ingila, kwamfutar wani asibiti ta yi kuskuren lissafin shekarun mata masu juna biyu, aka ba 154 daga cikinsu sakamakon gwaji da ba daidai ba. Gobarar da aka kashe tun tana hayaƙi ba ta barin toka mai yawa, shi ya sa mai wucewa zai rantse ba a yi ta ba.

Mu kuma wani abu ne daban ya tsare mu. A 1999 babu wayar salula ta GSM a ƙasar nan, sai a 2001 ta shigo. Wutar NEPA, in an kawo, ma'aikaci ne ke ɗaga makunni da hannunsa, wani kuma ya zagayo da takardar bil. Ruwa daga rijiya yake, ko gulbi, ko kafaɗar ɗan garuwa. Albashi a hannu ake ƙirga wa mutum. Ɗan kasuwar da ya sayar da shanu a Shinkafi ranar Alhamis a lalitarsa yake ɗaure kuɗinsa. Tsakaninmu da abin da muke rayuwa da shi babu kwamfuta ko ɗaya, sai mutane. Na'urar da ba ka da ita ba ta lalace maka.

To yau fa? Mu duba unguwanninmu da idon gaskiya. Rijiyar burtsatsen da layi guda ke sha daga gare ta da sola take aiki, kuma akwai ɗan akwatin lantarki da ke sarrafa famfon. Firjin da ake ajiye allurar rigakafin yara a asibitin karkara haka. Ƙarfen sabis yana da na'urorin da dole agogonsu ya zo daidai da na sauran, in ba haka ba kira ba ya shiga. Albashi da fansho ta waya suke faɗowa. Mai POS ya zama bankin unguwa, musamman a garuruwan da zuwa banki ke nufin tafiya mai haɗari. Farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, har mai ƙosai da mai lemo sai da suka koyi karɓar kuɗi ta waya. A cikin shekara ashirin da 'yan kai mun miƙa wuyanmu ga na'urorin da ba mu ƙera ba, ba mu san cikinsu ba, kuma mai gyaransu ba a garinmu yake kwana ba.

Shaida mafi kusa ita ce ta mitar wuta mai kati. Lambobi 20 ɗin nan da muke saya mu danna, a cikinsu akwai hatimin mintin da aka sayar da su. Da shi mita ke gane katin da aka riga aka yi amfani da shi, ta ƙi karɓarsa karo na biyu. Tsarin, wanda ake kira STS kuma ya samo asali daga Afirka ta Kudu, ya fara ƙirga mintoci daga 1 ga Janairu 1993, ma'ajinsa kuma ba ya ɗaukar fiye da minti 16,777,216. Mai kalkuleta ya buga ya gani: shekara 31 da kusan wata goma sha ɗaya ke nan. Ma'ajin ya cika ranar Lahadi 24 ga Nuwamba 2024. Daga ranar, duk mitar da ba a sabunta ba za ta ga sabon kati kamar tsoho ne na shekarun baya, ta ƙi shi. Wutar da ke ciki za ta ci gaba har ta ƙare, daga nan sai duhu, ko da kuɗinka a hannu.

Maganin ba shi da wuya a takarda. Kamfanin raba wuta zai ba ka wasu lambobi kashi biyu, kowanne guda 20, ka danna su bi da bi, sai mita ta koma ƙirga daga 2014. Hukumar NERC ta sanar cewa kyauta ne, kamfanonin raba wuta, har da Kaduna Electric da ke kula da Kaduna da Kebbi da Sakkwato da Zamfara, suka yi ta shela. Aikin minti biyar ne ga wanda yake da wuta, da sabis, da karatun boko. A wurinmu sai ya zama wani abu. Yawancin mitoci ba sa karɓar lamba sai da wuta a layi, don haka sai ka yi gadin ƙwan fitila, in ya kama ka ruga. Sanarwar ta fi yawo a intanet, tsofaffinmu kuwa ba can suke ba. Mun ga gidajen da takardar lambobin ta kwana uku a ƙarƙashin filo ana jiran a kawo wuta, mun ga dattawan da sai da aka nemo musu yaron makwabta ya danna. Wata guda kafin wa'adin ma, a ƙarshen Oktoba 2024, yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako a duhu, bayan an lalata babban layin Shiroro zuwa Kaduna, wanda ke biyowa ta Ugwuaji da Apir shi ma ya faɗi. Kamfanin TCN ya ce rashin tsaro ne ya hana ma'aikatansa isa wurin gyaran na Shiroro da wuri. Ko a Afirka ta Kudu, mahaifar tsarin, sai da aka yi dogayen layuka a ofisoshin Eskom a kwanakin ƙarshe.

Gaskiya ne da yawa daga cikinmu ba su da mita, bil ɗin ƙiyasi ake kawo musu, wasu garuruwan ma turaku ne kawai a tsaye. Amma darasin ya shafi kowa, domin ya nuna mana yadda ya kamata a auna irin wannan haɗari. Injiniya a Abuja zai tambaya: na'ura nawa ce za ta iya tsayawa? In ya ga kaɗan ce, ya ce haɗarin ƙarami ne. Tambayarmu ta biyu ce ta fi nauyi: in ta tsaya, kwana nawa kafin mai gyara ya iso? A Legas, akwatin famfo ya lalace da safe, da la'asar an canja shi. A ƙauyen da ke bayan Zurmi, sai an nemo lambar ɗan kwangilar da ya kafa shi shekara shida da suka wuce, sai an yi karo-karo, sai an samu wanda zai yarda ya biyo hanyar, sai an aika Kano ko Kaduna neman kayan. Matsala ɗaya ce, amma can ta wuni guda ce, nan ta wata uku. A cikin wata ukun nan mata da yara ne za su koma ɗibar ruwa a bakin gulbi, inda kowa ya san abin da ake tsoro.

Ba sai mun yi hasashen yadda rayuwa ke zama in na'urori sun yi shiru ba, mun ɗanɗana. A farkon Satumba 2021 hukumar NCC ta umarci kamfanonin waya su rufe sabis a duk faɗin Zamfara saboda aikin soja, a zamanin Gwamna Bello Matawalle. An ce mako biyu ne da farko. Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, mu na ƙananan hukumomi sai wajen ƙarshen Nuwamba. An rufe kasuwannin mako, har da ta Shinkafi. POS ya mutu. Wanda ɗansa ke aiko masa da kuɗin cefane daga kudu ya rasa hanyar karɓa. Muka koma rubuta wasiƙa muna ba direbobi a tasha kamar zamanin kakanninmu. Mutum ya yi tafiyar sa'o'i zuwa wata jiha don ya yi kira ɗaya. An yi rasuwa an yi jana'iza, 'yan uwa na nesa ba su ji ba sai bayan sadakar bakwai. Ba kwanan wata ne ya jawo wannan ba, umarni ne. Amma ga wanda ke riƙe da wayar da ba ta shiga, duk ɗaya ne.

Yanzu ga wadda ke tafe. Na'urori masu ɗimbin yawa a duniya suna ƙirga lokaci da daƙiƙa, tun daga 1 ga Janairu 1970. A tsofaffin cikinsu ma'ajin yana cika ne a daƙiƙa ta 2,147,483,647. Wannan zai faru ranar Talata 19 ga Janairu 2038, da ƙarfe 4:14 na asuba agogon Najeriya, kafin ladan ya yi kiran farko. In lissafin wata ya zo daidai, cikin kwanakin Babbar Sallah ne, ana suyar nama. Na'urar da ba a gyara ba za ta tsinci kanta a Disambar 1901. Mitocin da aka sabunta a 2024 ma ba sun rabu da abin ba ne har abada, nasu sabon ma'ajin zai cika a 2045. Tsakanin manyan ranakun kuma akwai ƙanana da ke zuwa ba sallama. A Afrilun 2019, da lissafin makonni na GPS ya koma sifili, wata hanyar sadarwa ta hukumar birnin New York ta yi kusan kwana goma ba ta aiki. Ranar 29 ga Fabrairu 2024, famfunan mai masu karɓar kati a New Zealand suka ƙi aiki saboda manhajarsu ba ta san da wannan rana ba.

Kada mu tsorata kanmu fiye da kima. In za a jera abubuwan da ke raba mu da wuta da ruwa da sabis, kwanan wata ba zai zo na ɗaya ba, ba zai zo na biyar ba. Masu sare waya da masu kwance tiransifoma suna gaba, haka masu ƙona ƙarfen sabis, haka iskar farkon damina da ke kayar da turaku, haka tsadar man dizal, haka aikin kwangilar da aka yi rabi aka gudu. Sababbin wayoyi da kwamfutoci kuma an riga an faɗaɗa musu ma'aji, 2038 ba za ta dame su ba. Famfunan sola da yawa ba ruwansu da kwanan wata sam, rana kawai suke jira ta fito. Inda abin yake ɓuya shi ne ƙananan allunan lantarki masu araha da ke cikin mitoci, da na'urorin asibiti, da kayan sadarwa, da akwatunan sarrafa tashoshin wuta da na ruwa, waɗanda ake kafawa a manta da su shekara goma sha biyar ko ashirin. Mu kuma kasuwar gwanjo ce: abin da wasu suka cire don ya tsufa, shi ake kawo mana a matsayin sabo. Kayan da ake kafa mana bana, da yawansu suna nan a 2038.

Abin da ya bambanta wannan haɗari da sauran shi ne yana faɗin ranar zuwansa. Ɓarawon daji ba ya aiko da takarda, iska ba ta sallama. Wannan kuwa an rubuta ranarsa da mintinsa tun kafin a haifi wasu daga cikin masu karanta wannan rubutu. Duk sauran matsalolin sun fi ƙarfin ɗan kwamitin unguwa. Wannan ita kaɗai ce za a iya kashewa da tambaya da biro da littafi, tun da sauran lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Shawararmu ga duk mai hannu a wani abin jama'a, ko ɗan kwamitin rijiya ne, ko ma'aikacin asibitin karkara, ko kansila, ko ɗan ƙungiyar ci gaban gari, ya yi wa kowace na'ura tambaya huɗu. Ta farko, tana da agogo a cikinta, kuma in agogon ya ruɗe tsayawa za ta yi ko kuwa kwanan wata kawai za ta nuna ba daidai ba? Ta biyu, wa ya ƙera ta, wa ya kafa ta, ina lambarsa, kuma in tana da lambar sirri a hannun wa take? Ta uku, in ta tsaya akwai yadda za a kewaye ta a yi aikin da hannu? Ta huɗu, kwana nawa za mu iya jurewa babu ita? Na'urar da ta faɗi a tambaya ta uku da ta huɗu ita ce abar damuwa, ko da yiwuwar tsayawarta kaɗan ce. A rubuta amsoshin a littafi na takarda, a ajiye kwafi wurin mai unguwa ko liman, domin abin da aka ajiye a waya yana tafiya da wayar.

Idan gwamnati ko wata ƙungiya ta zo kafa sabon aiki, a tambayi ɗan kwangila tun kafin a yanka kirtani: wannan akwatin zai wuce Janairun 2038? Ya rubuta ya sa hannu. Wataƙila shi ma bai sani ba, to ya tambayi inda ya sayo. A kuma roƙe shi ya koya wa matasa biyu na garin yadda ake saita shi. Muna da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Ƙaura tun 1983, kowace shekara ɗalibai na neman abin da za su yi aikin kammala karatu a kansa. Ga aiki a ƙofar gida: a bi rijiyoyin sola da asibitocin ƙananan hukumomin nan uku, gwargwadon inda hanya ta ba da dama, a rubuta abin da ke ciki, ƙirar wace shekara ce, wa ke gyara. Irin wannan littafi zai yi amfani ko da ranar 2038 ta zo ta wuce lami lafiya, domin rashinsa ne ke sa famfon miliyoyin naira ya mutu saboda abin dubu biyar.

Abu na ƙarshe, kada mu yi saurin binne tsohuwar hanya. Rijiyar da aka haƙa da hannu a gyara bakinta a rufe, kada a mayar da ita juji don an samu sola. Famfon tuƙa-tuƙa a bar shi da ransa. Asibiti ya riƙe rajistar takarda kusa da ta kwamfuta. Mai shago ya san abokan cinikin da zai iya ba bashi in sabis ya ɗauke. Waɗannan ne suka riƙe mu a 2021, ba wata fasaha ba.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Don haka muna so mu ji daga gare ku a ƙasan wannan rubutu: a unguwarku ko ƙauyenku, wace na'ura ce in ta tsaya yau jama'a za su shiga wani hali, kuma wa ke da lambar mai gyaranta? Masu aikin sola da lantarki da ke cikin zauren nan, ku taimaka da abin da kuka gani a cikin akwatunan da kuke buɗewa.

Allah Ya zaunar da garuruwanmu lafiya, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannun miyagu, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.